Gwiwoyin Kwamanda Makau

Wani mafarki na yi a daren jiya, kuma tunda duk wanda na soma ba wa labarin a unguwarmu sai ya tuna yana da wani aiki, bari in ba ku shi tun bai huce ba.

Sunana Sallau, fenti nake yi. A mafarkin ma ban samu ƙarin girma ba, mai fentin ne dai, ga bokiti a hannu, ga buroshi a aljihun baya. Na tsinci kaina ina tafiya da rana tsaka a wani gari da ban taɓa gani ba, amma kowa a cikinsa ya san ni, har wata mata ta tsayar da ni tana tambayar jikin kawuna. A garin, inuwar mutum takan riga shi isa inda za shi, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiransa. Tawa ta wuce ni da sauri, ni kuwa na bi ta, tunda da alama ita ta san hanya. Ta kai ni wani gini mai koriyar ƙofa, an rubuta Ofishin Kula da Dandali a samansa.

Awaki ne ke aiki a ciki. Ban yi mamaki ba, na dai kakkaɓe silifas ɗina na yi sallama. Masinja tana tsaye a kan benci, akawu tana kan tebur, mataimakin darakta yana kan taga, shi kuwa Darakta, wani bunsuru mai jan lalle a gemu, yana can saman kabad, ƙahonsa na gogar silin. Akawun ta yi mini bayani tana tuƙa, ta ce a garin nan da tsawon wurin tsayuwa ake auna girma. Wanda ƙafarsa ta fi nisa da ƙasa shi ke ba da umarni, na ƙasa da shi ya bi, ko yana so ko ba ya so. Na dubi ƙafafuna, ga su shimfiɗe a kan siminti. Na tambaye ta ko akwai wanda na fi a garin. Ta ce akwai masu haƙa rijiya, amma yau ba su fito aiki ba.

Darakta ya leƙo daga sama ya ce, "Kai ne mai fentin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce yau ce Ranar Kwamanda, kuma an ɗauko ni ne in shafe Kwamanda Makau da ruwan tagulla, tun daga takalmi har hula, kafin makaɗa su iso da la'asar. Daga nan ya shiga ba ni tarihi. Wai a lokacin babban yaƙi, da mutanen tsallaken kogi suka zo cin garin, Makau ne ya tsaya a bakin gada da 'yan sojojinsa, bai matsa ko taku ɗaya ba, har abokan gaba suka gaji suka tuna ba su yi girbi ba suka koma gida. Darakta yana faɗa yana share hawaye da kunnensa. Ni ma dai abin ya taɓa ni. Na ɗauka wani mutum-mutumi ne rana ta ci masa launi, na ce a raina aikin rabin yini ne.

Sai ga ni a dandalin.

Fili ne fetal, an share shi ƙal, a tsakiyarsa ga wani ginshiƙi na bulo da ya ɗara komai na garin tsawo. An datse kan itatuwa, giginya kuwa an koya mata girma a kwance. Shirwa da tattabaru in sun iso bakin filin sukan sauka su ratsa shi da ƙafa, sai sun kai wancan gefen su sake tashi, don bai kyautu wani ya bi ta saman Kwamanda ba. Babu benci, babu dakali, babu ko kututture, domin wa zai zauna Kwamanda yana tsaye? Wanda ya gaji sai ya jingina da na kusa da shi, shi ma ya jingina da na gaba, har layin ya zagaye filin. A can bisa ginshiƙin akwai turmi a kife, a kan turmin kuma ga Kwamanda Makau cikin kakinsa, ya ƙame, hannun dama a goshi yana sarawa.

Mataimakin darakta ne ya rako ni don ya sa ido a kan aikin. Wani ɗan taure ne siriri mai yawan atishawa, yana tafe yana tura bulo guda a gabansa, duk inda muka tsaya sai ya haye kansa don kada mu yi daidai. Na ce ya ba ni tsani. Ya nuna mini wani dogo, sabo fil, kwance a gindin katanga, ya ce ga shi nan amma na sauka ne, a garin nan ba a yin tsanin hawa. Na jingina shi na gwada. Ina ɗora ƙafa a matakin farko sai na ga ina sauko da ita. Na haƙura, na karɓi wata doguwar gora da aka haɗa biyu, na ɗaure buroshina a bakinta, na tsoma a bokiti, na miƙa sama na soma da kan takalmin hagu.

"Malam mai fenti, a hankali da babban yatsan nan, yana da kumburi."

Na ɗaga kai. Farin gashin baki ne ke motsi a can sama, da idanu biyu jajaye suna kallona ta gefe. Na gaishe shi, ya amsa cikin sakin fuska, ya tambayi iyali, amma hannun nan bai gusa daga goshi ba. Na ce masa ya gafarce ni, na ɗauka na dutse ne. Ya ce ba komai, baƙi da yawa haka suke ɗauka, har wasu sukan yaba wa wanda ya sassaƙa shi.

Na tambaye shi yadda aka yi ya kai can. Ya ce abin ba wani dogon labari ba ne. Ranar da yaƙi ya ƙare ya dawo da sojojinsa wannan fili, ya ari turmi ya hau don na baya su gan shi, ya yi musu godiya ya sallame su, kowa ya tafi gida. Shi kuma ya ƙame yana jiran nasa babban ya zo ya sallame shi. Kafin tsohon ya iso, jama'a don tsabar murna sun ɗaga shi da turmin sun jera bulo a ƙarƙashi. Da babban nasa ya zo, sai ga shi a ƙasa, Makau a sama, dole tsohon ya sara masa ya koma gida. Tun daga nan kowace shekara sai an ƙara masa layin bulo don girmamawa, har ya zama babu mahaluki a garin da ya isa ya ce masa ya huta. Soja kuwa, in ji shi, ba ya barin wurin tsayuwarsa sai an ce ya bari.

Yana cikin magana ya ce abin mamaki, ciwon yatsan ya tafi. Can kuma ya ce ba ciwon kaɗai ba, yatsan ma ba ya jin sa. Na ƙwanƙwasa takalmin da gora, ya yi ƙara irin ta tukunyar ƙarfe. Mataimaki ya yi atishawa ya ce ai manufar ke nan. Tsufa ya soma kama Kwamanda, hannun sarawa yana karkarwa, shekaran jiya har hamma ya yi a gaban manyan baƙi. Shi ya sa aka yanke shawara a mayar da shi tagulla gaba ɗaya tun da sauran kwarjininsa, don garin yana ƙaunarsa ƙwarai.

Na tambayi Kwamanda ko an nemi yardarsa. Ya ce soja ba a tambayarsa. Na ce to da za a tambaye shi fa?

"In zauna, Malam," ya ce. "In miƙe ƙafa a kan tabarma, in ci tuwo da hannuna. Shi ke nan."

Na dubi takalmin da na shafa, na dubi gwiwoyinsa. Ba sai an yi wa mai fenti bayani ba. Ƙafa in ta zama tagulla ana iya jan ta, ƙwauri ma da sauƙi, amma muddin fentin nan ya taɓa gwiwa, mutumin nan ba shi ba zama har abada.

Sai na ji an zungure ni a haƙarƙari an ce in kauce. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ramammiya, ta ci ɗamara, tana riƙe da gora irin tawa, sai dai tata ludayi ne ɗaure a bakinta, cike da kunu. Ta miƙa shi sama ba tare da ɗigo ya zube ba, Kwamanda ya kurɓa, ta ce ya goge baki, ya ce da wane hannun. Wannan ita ce Gwaggo Tabawa, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da tuwo a bakin dandalin. Ita ta goye shi yana jariri, ita kuma ke ciyar da shi da gora tun ranar da ya hau. Turmin ma nata ne, ta gaya mini haka tun kafin ta tambayi sunana.

Na ce, "Gwaggo, ke da kike gaba da shi, me ya hana ki ce ya sauko?"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da ya tambayi ina ne gabas. Ta gyara tsayuwa, ta cika ƙirji, ta ce, "Makau, sauko!" Na ga maganar da idona ta tashi sama, ta kai rabin ginshiƙi, ta rage gudu, ta juyo ta faɗo tim kusa da ƙafata. Wani baƙin abu ne mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Gwaggo ta ɗauke shi ta jefa a kwando. Ta ce gaisuwa da hira ba su da nauyi, suna hawa lafiya lau, amma umarni daga ƙasa ba ya kaiwa. Kullum sai ta gwada, safe da yamma. Manyan tana kafa tukunya a kansu, ƙananan kuma tana raba wa mutanen gari su sa a aljihu saboda damina. Ban gane zancen daminar ba, kuma ban samu damar tambaya ba, don Mataimaki ya haye bulonsa ya ce in ci gaba da aiki.

To, mu masu fenti in dai jan ƙafa a wurin aiki ne, ba a koya mana. Duk wanda ya taɓa ba mu ɗaki ɗaya ya ga mun shiga mako na biyu ya san haka. Na ce sai shafin farko ya bushe. Na ce buroshin yana zubar da gashi. Na ce fentin ya yi kauri, da aka kawo kananzir na ce ya yi ruwa. Na kwance gorar na sake ɗaurewa, na tafi neman tsumma na dawo ba tsumma. Duk lokacin da na tsaya, Mataimaki sai ya kama gefen rigata yana ci a hankali, ba da fushi ba, don dai kada bakinsa ya zauna banza. Da ya ga abin ya yi yawa sai ya miƙe sosai a kan bulon ya ba ni umarni, hannuna kuwa ya ɗauki gora da kansa, ina ji ina gani.

Takalman biyu suka tafi. Idon sawu ya bi. Kwamanda yana sanar da ni daga sama cikin natsuwa, kamar mai ba da rahoton fagen fama, cewa ƙafar dama ta faɗi, ta hagu ma ta faɗi, yanzu ana gwabzawa a ƙwauri. Har yana yaba hannuna, wai bai taɓa ganin shafi mai kyau haka ba. Ban taɓa jin na tsani sana'ata ba sai a lokacin. Gwaggo Tabawa ta koma gindin murhunta tana tuƙa tuwo da ƙarfin da ya wuce na tuwon, ba ta ko duban inda muke.

Can na jiyo kalangu daga nesa. Jama'a suka soma cika filin cikin kayan ado, kowa a tsaye. Aka turo Darakta a kan kabad ɗinsa, an ɗora kabad ɗin a amalanke, yana gaisa wa da mutane da gemu. Fenti ya kai tsakiyar ƙwauri ya wuce. Tsakaninsa da gwiwa bai fi faɗin tafin hannu ba.

Sai ƙasa ta yi duhu.

Ba sama ba, ƙasa. Tsawa ta yi ruri a ƙarƙashin silifas ɗina, walƙiya ta haska daga cikin wata rijiya. Mutane suka dubi ƙafafunsu suka ce hadari ya haɗo. Mata suka tattare bakin zane, maza suka cusa ƙafar wando cikin safa, kowa ya lalubi baƙin dutsen Gwaggo a aljihunsa ya riƙe. Ruwa ya tsuge daga ƙasa yana tafiya sama, da yayyafi ya fara, sannan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da ba shi da nauyi ya bi shi. Huluna suka tashi, da shanyar wani gida, da kaza da 'ya'yanta a jere, har da silifas ɗina. Wani dattijo kusa da ni ya ce kada in damu da silifas ɗina, da rani suke dawowa.

Akuya dai akuya ce ko da ofis gare ta, ba ta shiri da ruwa. Mataimaki ya yi atishawa ɗaya ya bar bulonsa ya ranta a na kare, hannuna ya dawo nawa. Na jefar da buroshin. A nan ne na hangi babban daron da Gwaggo ke wanke kwanuka a ciki yana rawa a ƙasa, ruwa na dukan gindinsa, yana neman tashi.

Na ruga na gaya mata abin da ke raina. Ta ce Allah ya kiyaye. Ita tunda take ba ta taɓa hawa abin da ya fi gado ba, kuma da tsufanta ba za ta bari gari ya ga tafin ƙafarta ba. Na ce ta dubi ƙaninta. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon jan fentin nan da ke ƙyalli a ƙasan gwiwoyinsa.

"Gwiwoyin nan ni na koya musu tafiya," ta ce.

Ta kwance dutsenta daga bakin zane ta damƙa mini, ta zubar da kwanukan, ta shiga daron ta tanƙwashe ƙafa, ta yi bisimilla. Daro ya yi lilo sau ɗaya ya tashi. Ya wuce kaina, ya wuce kan itatuwa, yana juyawa a hankali, Gwaggo ta runtse ido tana riƙe da bakinsa da hannu biyu. Da ya kai kusa da turmi sai ruwan ya sassauta, daro ya tsaya cak yana reto, saura kaɗan ya kai takalman Kwamanda. Na ɗauki gorata na tokare gindinsa.

Darakta ya hango mu daga kan kabad, inda ruwa ba ya samunsa. Ya daka mini tsawa ya ce in saki gorar nan, yatsuna kuwa suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Sai Gwaggo ta buɗe ido ɗaya ta leƙo, ta ga kabad ɗin can ƙasa da ita.

"Kai mai gemu, rufe mana baki ka yi tuƙarka. Kai kuma ɗan nan, tura."

Darakta ya sara mata ya shiga tuƙa. Ni kuwa na tura da iyakar ƙarfina, na yi ɗage a kan yatsu, ruwa na shiga mini hanci ta ƙasa. Allah ya taimaka wani sabon ruwan ya taso, ya ɗauki daron ya wuce takalma, ya wuce ɗamara, ya wuce aninan kafaɗa, ya tsaya a saman kan Kwamanda. Makaɗa suka daina kiɗa. Ba a taɓa ganin wani a can ba.

Ruwan ya riga ya tafi da hular Kwamanda. Gwaggo ta sunkuyo tana kallon tsakiyar kansa, sanƙo ne tas, da wani ɗan tabo da ya samu ranar da ya zame daga bayanta yana jariri. Rabonta da ganin tabon nan tun suna yara. Ta miƙa hannu ta shafa shi.

"Makau."

"Na'am, Yaya."

"Sauke hannun nan."

"Yaya, umarni ne ko shawara?"

"Umarni ne. Ka tsare gari, gari ya gode. Ya isa haka. Sauko ka zauna, tuwonka na hucewa."

Wannan karon maganar ba ta da nisan tafiya. Ta sauka a kafaɗunsa da duk nauyinta, kafaɗun suka saki. Hannun ya baro goshi a hankali, ya bar shatin yatsu fari sol a wurin da rana ba ta taɓa gani ba. Ya dube shi gaba da baya kamar wani tsohon aboki, sannan ya sosa bayan wuyansa, ya daɗe yana susa. Na ji daɗi har na rasa abin yi, na rungume dattijon da ke kusa da ni.

Gwaggo kuwa da ta ga wurin ya karɓe ta, ba ta yi gaggawar sauka ba. Ta ce tsuntsaye su tashi su bar wahalar da ƙafa. Ta ce gobe a wayi gari da benci a kowace kusurwa ta dandalin. Ta ce awakin ofis su fita harkar kuɓewarta da take shanyawa. Ta ambaci wata maƙwabciyarta ta ce ta dawo mata da rariya yau ɗin nan. Daga ƙarshe ta ce wa ruwa ya isa, ruwa ya ɗauke sannu a hankali, ya ajiye ta a kan ginshiƙi kusa da ƙaninta.

Tsanin nan da bai taɓa aiki ba ranar ya samu rana. Jama'a suka ɗago shi suka jingina. Kwamanda ya sauko yana jan ƙafafun tagulla, kowane mataki na ƙara, Gwaggo na biye da shi da turminta a ka. Darakta ya nemi izinin magana aka ba shi, ya tambaya cikin hawaye wa za a riƙa girmamawa a dandalin yanzu. Gwaggo ta ce ai mutumin bai mutu ba, yana nan kullum a gindin darbejiya, mai son girmama shi ya zo ya gaishe shi ya zauna su yi hira. Ginshiƙin kuma a bar wa tattabaru.

Aka shimfiɗa tabarma. Gari kakaf ya kewaye mu, idon kowa a kan gwiwoyi biyu. Ni da na fi kowa kusa sai na lura wani ɗigon fenti ya biyo ruwa yana hawa sama, ya kusa kai ƙoƙon gwiwar hagu. Na nemi gefen riga in goge, na tarar Mataimaki ya cinye shi. Na sa babban yatsana na share, farcen ya yi sanyi ya koma tagulla nan take, ban kuma damu ba.

Kwamanda ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri da nauyinsa. Ya soma lanƙwasawa. Da farko babu abin da ya motsa. Sai gwiwar dama ta ce ƙas. Ta hagu ta yi jinkiri, ta yi kamar ba za ta yarda ba, sannan ita ma ta ce ƙas. Ya tafi ƙasa sannu sannu har ya taɓa tabarma, ya miƙe ƙafafu, ya saki wata ajiyar zuciya da ta kaɗa ganyen darbejiya. Nan take gari duka ya zauna. Masu jingina da juna suka zube a jere suna dariya, makaɗa suka zauna a kan gangunansu, Darakta ya kwanta a kan kabad ya naɗe ƙafa.

Gwaggo ta kawo ruwa ya wanke hannu, ta ajiye masa malmala da miyar kuɓewa. Ya gutsura da hannun daman nan, ya mulmula, ya tsoma, ya kai baki, ya lumshe ido. Kowa ya yi tsit yana jiran kalmar farko da jarumin gari zai faɗa a zaune.

"Yaya, gishiri ya ɗan yi yawa."

Ta ce in bai yi hankali ba yanzun nan za ta mayar da shi inda ta ɗauko shi. Ya yi dariya har da hawaye, ya sake kai loma, yana kaɗa ƙafa don jin daɗi, gwiwoyin kuwa suna ta ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, har ƙarar ta rufe dariyar mutane, ta rufe filin, ta rufe komai.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma tana nan. Barira ce matata a tsakar gida, tana tsaye tana karya kara a gwiwarta za ta hura wutar koko, ta riga ta yi shara ta ɗebo ruwa, goyo a bayanta. Na dubi farcena, fentin jiya ne kawai, shuɗi. Na fita na ɗauko 'yar kujera na ajiye a bayanta na ce ta zauna. Ta dube ni ta dubi kujerar, ta tambaya ko lafiya nake, ta ci gaba da karya karanta. Na koma da baya na hau kan dokin ƙofa, na gyara murya, na sake faɗa.

Ta yi dariya ta zauna, ta miƙo mini karan.